Allurar gudu tana kwanciya ina cikin tafiya, me ya kamata a fara dubawa?

Abban Hafsa

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sani a kan agogon gudun motata, wanda makanikai ke cewa sifido. Motar ƙarama ce ta Japan, ƙirar 2003, otomatik, shigowar Amurka ce da aka sayo min ta Kwatano. A Zariya nake zaune, aikina kuma a Kano, saboda haka kullum ina kan babbar hanya, ba zai yiwu in riƙa tuƙi ban san gudun da nake yi ba.

Ga abin da take yi. Da safe idan na tashe ta komai lafiya ƙalau. Sai tafiya ta yi nisa allurar ta fara rawa, ta hau ta sauka, can kuma ta kwanta a sifili alhali motar tana sheƙa gudu. Wani lokaci idan taya ta faɗa rami sai allurar ta farfaɗo, wani lokaci kuma sai motar ta kwana ta huce take dawowa. Allurar injin da ta mai da ta zafi duk suna aiki daidai. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne duk sa'ad da allurar ta kwanta, giya takan daɗe ba ta canza ba, in ta tashi canzawa kuma sai ta fizgi motar. Yanzu har fitilar cek, mai gargaɗin matsalar injin, ta kama ta zauna.

Na zagaya wurin masu gyara, kowa da tasa. Wani ya ce agogon ne ya mutu, in sayo wani na Beljiyam gaba ɗaya. Wani ya ce birenbos ne, wato kwamfutar da ke sarrafa motar. Wani kuma bai ko kalli allurar ba, ya ce giyabos ne ke shirin tafiya, a sauke shi. Kowanne kuɗi ne mai kauri, kuma ba wanda ya ɗauko ko mitar gwada wuta ya gwada waya ɗaya a gabana.

Don Allah wanda ya sani ya yi min bayanin yadda wannan agogon yake sanin gudun mota tun daga tushe, da kuma abin da ya kamata a fara dubawa kafin in saki kuɗina. Allah ya saka da alheri.

Baba Mai 504

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka sayi komai tukuna, kada kuma ka bari a sauke maka giyabos a kan wannan maganar.

Ni a kan motocin kebul na taso, su Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a nan Kaduna a da. Taka ba ta kebul ba ce, yaran da suka san waya za su fi ni bayani a kanta. Amma bari in ba ka tushen abin, domin hanyar binciken ba ta canza ba.

A jikin giyabos, ta wajen da ƙarfi ke fita zuwa tayoyi, akwai wata 'yar giya mai haƙora, galibi ta roba ce. Ita ke juya kebul. Kebul ɗin murɗaɗɗiyar waya ce ta ƙarfe a cikin rigarta, bakinta mai kusurwa huɗu, ta taso daga ƙasan mota har bayan dashbod. A cikin agogon, kan kebul yana juya wani mayen ƙarfe. Dab da shi akwai ɗan kofi na alminiyam, allurar kuma a sandar kofin take. Su biyun ba sa taɓa juna ko kaɗan. Ka san mayen ƙarfe ba ya kama alminiyam, amma idan yana juyawa kusa da shi yakan haifar da ɗan lantarki a jikin kofin, wannan lantarkin kuma shi ke sa kofin ya so bin sa, kamar yadda kunu ke bin ludayi idan ana damawa. Sai dai akwai wani siririn sifirin naɗaɗɗe da ke riƙe kofin, yana hana shi zagayawa. Gwargwadon gudun mota, gwargwadon ƙarfin jan. Inda jan ya yi daidai da ƙarfin sifirin, nan allura ke tsayawa. Wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ne ya yi rajistar wannan dabarar a 1902, kuma har yau ita ce a jikin yawancin baburan 'yan acaɓa, sai dai su daga tayar gaba kebul ɗinsu ke tasowa.

To ga inda nake so ka lura. Lambobin nan masu ƙirga kilomita daga kebul ɗin guda suke samun juyi, amma ta wasu ƙananan giyoyi na daban, ba ta mayen ƙarfen ba. Shi ya sa in aka kawo mana mota allura ta mutu, kafin mu taɓa sifana sai mu ce a ɗan zaga da ita mu ga ko lambobin suna motsi. In suna ƙirgawa, kebul lafiyarsa lau, ciwon yana cikin agogon. In su ma sun tsaya, to juyin ne ba ya isowa, sai mu sauka ƙasa. Mu kwance kebul daga giyabos, mu ɗaura bakinsa a injin huda, mu juya, in bai motsa ba mu juya ta ɗaya ɓangaren. Allura ta tashi, to haƙoran 'yar giyar roban ne suka cinye. Ba ta tashi ba, kebul ne ya tsinke ko kuwa kusurwoyin bakinsa sun side yana juyawa a banza.

Rawar allura kuwa, a motar kebul, kusan kullum bushewa ce ko lanƙwasa. Wayar takan maƙale a cikin rigar, ta murɗe, sannan ta saki gaba ɗaya, sai allura ta yi tsalle. Sau da yawa har kuka za ka ji a bayan dashbod. Mukan zaro wayar mu wanke ta da kananzir, mu shafa giris kaɗan daga ƙasa zuwa wajen kashi biyu cikin uku na tsawonta, mu bar saman a bushe. In giris ya hau cikin agogon yakan danƙare kofin, allura ta yi nauyi. Kuma idan sifirin ya tsufa ya yi laushi agogo yakan ƙara gudu, in mayen ƙarfen ne ya yi sanyi yakan rage.

Saboda haka tambayata gare ka ɗaya ce: lokacin da allurar ta kwanta, lambobin kilomita suna ci gaba da ƙirgawa ko su ma sun tsaya? Ka duba wannan ka dawo mana.

Mai Wayarin Ƙofar Ruwa

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Tambayar da ka yi ita ce makullin, mu ma da ita muke farawa.

Malam Abban Hafsa, aikina ke nan, wayarin ɗin mota. Abin da ke damuna a sana'ar nan tamu shi ne sayen kaya kafin bincike. Labarin gudu yana da inda ake ɗauko shi, yana da hanyar da yake bi, yana da wanda ke nuna maka shi. Duk wanda bai raba waɗannan ya gano a ina labarin ya yanke ba, canki-canka yake yi da aljihunka.

A irin motarka, ramin da a da ake cusa kebul a giyabos, yanzu sensa ne a ciki. A yawancinsu 'yar giyar roban da Baba ya faɗa tana nan, sai dai maimakon ta juya doguwar waya, ɗan mayen ƙarfe take juyawa a cikin sensan, kusa da wani ƙanƙanin abu mai jin maganaɗisu. Duk wucewa sai ya saki bugun lantarki ɗaya. A ma'aunin da Japan ke bi, sandar tana yin juyi 637 a kowace kilomita, kuma sensa da yawa suna ba da bugu huɗu a juyi ɗaya, ka ga bugu 2,548 ke nan a kilomita. Agogon yana ƙirga bugu nawa ke zuwa a daƙiƙa, ya umarci wani ɗan injin lantarki ƙarami da ke bayan allura, wato ɗan motan allura, ya kai ta lambar da ta dace. Yana kuma tara bugun ya mayar da su kilomita.

Ba agogo kaɗai ke amfani da wannan saƙon ba. Birenbos ma yana buƙatarsa don ya san lokacin canza giya. In saƙon ya ɓace, sai ya rasa ko kana tsaye ne ko kana gudun 100, shi ya sa giya take jinkiri sannan ta shiga da fizga. Wannan alamar da ta fi tsorata ka, ni ita ce ta kwantar min da hankali a kan giyabos ɗin. Da a ce ciwon a cikinsa yake, ba zai jira sai allura ta kwanta sannan ya nuna ba. Amma kada ka daɗe kana tafiya a haka, fizgar tana gajiyar da kayan ciki, man giya yana ƙara zafi, motar kuma tana ƙara shan mai.

Ga yadda zan bi ta da a garejina take.

Zan fara sa mata kwamfuta. Tunda ta Amurka ce, kuma duk motar da aka sayar a can daga 1996 tana da soket ɗin OBD-II a ƙasan sitiyari, ko ƙaramar na'urar nan da ake haɗawa da wayar hannu za ta karanta ta. Lambar matsalar da nake sa ran gani ita ce P0500, ko 'yan'uwanta P0501 zuwa P0503, wani lokaci P0720 idan na cikin giyan otomatik ne. Amma ka riƙe wannan da kyau: P0500 ba ta ce sensa ya mutu ba, cewa ta yi birenbos bai samu saƙon gudu ba. Tsinkakkiyar waya ma wannan lambar take kawowa. A nan mutane da yawa ke asara, a goge lamba, a sa sabon sensa, kwana kaɗan fitila ta dawo.

Saboda haka ba a tsaya a lambar ba. A bar kwamfutar a jone, a buɗe wajen da take nuna gudun mota kai tsaye, wani ya zauna kusa da kai yana kallo kana tuƙi har allurar ta kwanta. In allura tana sifili kwamfuta kuma tana nuna 80, magana ta ƙare, sensa da wayarsa lafiya, ciwon yana cikin agogo. Ko a nan ma ba lallai sai an sayi wani ba. Zafin da dashbod ke sha a ranar Kano yana tsattsage dalmar da aka liƙa ƙafafun soket da ita a bayan agogon, kuma alamarsa ita ce in ka ɗan bugi saman dashbod da tafin hannu allura ta motsa. Mai gyaran rediyo mai natsuwa zai sake narka dalmar. In kuma ɗan motan allurar ne ya gaji, za ka ga tana maƙalewa a tsakiya ko an kashe mota, shi kaɗai ake canzawa.

In kwamfutar ma ta faɗi sifili tare da allura, to sai mu sauka wajen sensa. Da sharaɗi ɗaya: a motocin Japan da yawa na waɗannan shekarun, saƙon agogo yake fara shiga, daga nan ne ake miƙa shi ga birenbos. Wato agogo mai ciwo yana iya hana kwamfuta gani. Don haka ba na yanke hukunci sai na gwada da mita.

Sensan yana da waya uku: mai kawo wuta, ta negatif, da mai ɗaukar saƙo. A kunna makulli ba tare da an tashi injin ba. A wayar wuta a samu bolt 12, wasu motocin 5, ya danganta da ƙirar. In babu, a duba fis, domin sau da yawa fis ɗaya yake rabawa da wasu abubuwan dashbod. A tabbatar negatif ɗin tana da kyau. Sannan a ja birkin hannu, a sa dutse ko katako a tayoyin baya, a ɗaga tayar gaba guda ɗaya a tokare motar da abin da ya fi jak aminci, a sa giya a N, a soka mita ta bayan soket a wayar saƙo, a riƙa juya tayar a hankali da hannu. Mita za ta riƙa hawa tana sauka, daga kusan sifili zuwa sama, ta dawo. Na ce taya ɗaya da gangan. In ka ɗaga biyun, kana juya wannan waccan za ta juya baya, abin da ke juya sensan ya tsaya cik, sai ka ɗora wa lafiyayyen sensa laifi.

In ana samun hawa da sauka a bakin sensa amma babu shi a bayan agogo, waya ce ta yanke a hanya. A bi ta da hannu ana girgizawa ana kallon mita, musamman inda ta wuce kusa da salansa ko inda take gogar ƙarfe.

Yadda ka kwatanta, sai ta yi zafi take yi kuma rami yana dawo da ita, zuciyata ta fi karkata ga soket ɗin sensan ko wayar da ke dab da shi. Birenbos shi ne na ƙarshe da zan zarga. Ka gaya mana kuma ko fitilar ABS, wato tsarin da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki, tana kamawa, domin wasu motocin ba su da sensa a giyabos sam, daga tayoyi suke ɗauko gudu, kuma binciken nasu daban ne.

Direban Bas Kano–Kaduna

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba makanike ba ne, tuƙi ne sana'ata, amma akwai abin da nake so in ƙara, tunda Malam ya ce motar ta Amurka ce.

Malam, in Allah ya sa an gyara, ka kalli fuskar agogon da kyau. Motocin Amurka manyan lambobin mil ne, kilomita su ne ƙananan da ke ciki. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗori. Mutum ya ga allura a kan 80 ya ɗauka yana tafiya a hankali, alhali kusan 129 yake yi. Ka'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ga ƙananan motoci ita ce 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, mu masu bas 90 ne iyakarmu a tagwayen. Wato a irin agogonka, ɗan sama da 60 kaɗan ka kai iyaka. Kuma nisan da birki ke buƙata ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba. Daga 80 zuwa 129 yakan ninka fiye da sau biyu da rabi. Na ga abin da wannan ruɗanin ya jawo a hanya, shi ya sa ba na gajiya da faɗa.

Na biyu taya. Agogo bai san hanya ba, juyin taya kawai yake ƙirgawa, an kuma saita shi ne a kan girman tayar da motar ta fito da ita. Ɗauki 195/65 R15, wadda ƙananan motoci da yawa ke sawa: tsayinta kusan milimita 635, juyi ɗaya kusan mita biyu, wato wajen juyi 500 a kilomita. Mutanenmu suna son sa babbar taya don mota ta ɗaga saboda ramuka. Ka sa 215/70 R15, tsayi ya koma 682, ƙarin kusan kashi bakwai da rabi cikin ɗari. Yanzu kowane juyi yana cin hanya fiye da yadda agogo ya sani, sai ya riƙa nuna ƙasa da gudunka na gaskiya. Wannan ne mai haɗarin. Girman da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba.

Gwada agogo ba wuya. Ka ba wanda ke kusa da kai waya mai manhajar GPS, ka samu miƙaƙƙiyar hanya ka riƙe gudu ɗaya. In agogo ya ɗara GPS da kilomita uku ko biyar, ba lalacewa ba ce, haka ake ƙera su. Dokar da ƙasashen Turai ke bi ta hana agogo nuna ƙasa da gudun gaskiya, amma ta yarda ya ɗara da kashi goma cikin ɗari da ƙarin kilomita huɗu, wato kana 100 ya nuna har 114. In babu waya, kilomita ɗaya a gudun 60 minti ɗaya ne cif, a gudun 100 daƙiƙa 36.

Oga Mai Wayarin, ga tawa tambayar. Tun da aka tilasta mana sa na'urar rage gudu a motocin haya a 2017, abokan aikina da dama ke kukan rawar allura. Akwai alaƙa? Sannan akwai wani a tasharmu da aka canza masa boris ɗin taya, daga fitowa gareji fitilar ABS ta kama, sifido ya mutu.

Abban Hafsa

Baba, Allah ya ƙara girma. Na duba yadda ka ce, lambobin ma tsayawa suke yi tare da allurar. Oga Mai Wayarin, fitilar ABS ba ta kamawa sai lokacin kunna makulli ta mutu. Na samu wani yaro mai kwamfuta, P0500 ta fito, kuma da muka hau hanya kwamfutar ta faɗi sifili daidai lokacin da allura ta kwanta. Mun cire akwatin iska mun leƙa, soket ɗin sensan ya jiƙe da baƙin mai da ƙura, ɗaya daga cikin ƙafafunsa ta yi kore, ɗan maƙallin da ke riƙe shi kuma ya karye. A wanke a mayar, ko dai in sayi sabon sensa hankalina ya kwanta? Malam Direba na gode, manyan lambobin mil ne kamar yadda ka ce.

Mai Wayarin Ƙofar Ruwa

Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Soket mai karyayyen maƙalli ko sabon sensa ka sa masa haka zai riƙa kama yana saki. A fesa masa maganin wanke soket, a kankare koren nan har ƙarfe ya fito, a ɗan matse bakin ƙafafun su kama da ƙarfi. In tsatsar ta ci ƙafar ta yi laushi, a yanko soket ɗin irinsa da guntun wayarsa a wajen masu kayan Beljiyam, a haɗa da dalma a rufe da robar da ake ƙonawa ta kama, ba murɗawa da salatif ba. A kuma nemo inda man ke zubowa, galibi daga saman injin yake gangarowa, in ba a tsayar da shi ba zai sake jiƙa wurin. Bayan nan a yi gwajin taya ɗaya da na faɗa, a yi shi da sanyi, a sake yi bayan motar ta yi zafi sosai, domin akwai sensan da sai ya ji zafi yake ɗaukewa. In ya faɗi a nan, sai ka saya. Idan za a zaro shi a share kewayen ramin kada ƙasa ta faɗa cikin giyabos, a duba haƙoran roban, a ƙirga su, a tabbatar na sabon daidai suke da na tsohon. Haƙora daban, gudu daban.

Ko da wata rana ta kama a canza agogon gaba ɗaya, a sani cewa a motoci da yawa na wannan zamanin adadin kilomita a cikin agogon yake ajiye, sabon zai zo da nasa lissafin, sai ka rubuta na tsohon ka adana saboda canjin mai da ranar sayarwa. A wasu motocin Jamus ma har tsaron makulli a cikinsa yake, ka sa wani mota ta ƙi tashi sai an haɗa su da kwamfuta.

Malam Direba, akwai alaƙa a wasu motocin. Na'urar tana buƙatar sanin gudu, saboda haka akan ɗauko mata saƙon daga wayar sensa. In wanda ya haɗa ya feƙe wayar ya murɗa kawai, girgizar hanya da danshi za su sa mahaɗin ya riƙa yankewa. Ba cire na'urar ne magani ba, a buɗe mahaɗin a yi shi da dalma.

Na boris kuwa na sha ganinsa. A sababbin motoci kowace taya tana da nata sensan, kwamfutar ABS ce ke haɗa lissafinsu ta tura wa agogo da sauran kwamfutocin ta wayoyi biyu da suke magana a kai. Tsohon salo zobe ne mai haƙora a jikin shaf, sensan ya riƙa ƙirga haƙoran. In zoben ya tsage ko garin ƙarfe ya taru a kan sensa, sai lissafi ya rikice. Sabon salo kuwa ba haƙora, maganaɗisun a cikin robar da ta rufe gefe ɗaya na boris ɗin yake. Gefe ɗaya kawai. In makanike ya buga boris ɗin a juye, gefen maganaɗisu ya kalli waje, sensa ba zai ga komai ba. Ko kuma an sayo mai arha wanda girmansa ɗaya amma ba shi da maganaɗisun sam, ko an ja wayar sensan ta tsinke lokacin aikin. Abokin naka ya sa kwamfuta ta nuna gudun tayoyin huɗu, wadda ke kan sifili ita ce. A fara duba wayarta da soket. In su lafiya, boris ɗin ne, kuma da wuya ya fito daga mazauninsa bai lalace ba, sai dai wani sabo. Kafin a buga sabon, a kawo siririn ƙarfe kamar allurar ɗinki kusa da kowane gefe, gefen da ya kama ta shi zai kalli sensa. Kada a gwada da mayen ƙarfe, yana ɓata zoben.